Layin Biro a Ƙwaurin Yaya

Abin da ke kan ciniki ƙafa ɗaya ce, ta dama, ta yayana. Yatsu biyar, biyu sun riga sun yi baƙi. Sai tafi, da dunduniya, da idon sawu, da ƙwauri har zuwa ƙasan gwiwa, inda likita ya ce nan za a yanke in abin ya ƙi. A kan wannan ƙafar akwai keken ɗinki na takawa, da shago a Gada Biyu a nan Jos, da gidan da shagon ke ciyarwa, da mutumin da bai san yadda ake wuni a zaune hannu sake ba. Ni dillalin fatu da ƙiraga ne. Na saba in dubi kaya sau ɗaya in faɗi wanda zai fita da wanda zai lalace. Ranar da na dubi ƙafar nan ban iya faɗa ba.

Yaya tela ne, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Mahaifin namu leburan kuza ne, a ramukan Naraguta ya ƙare ƙarfinsa, bai bar mana komai ba sai ɗaki biyu da sunan kirki. Da keken nan Yaya ya ciyar da ni har na fara bin kwata ina tattara fatun awaki. Da harka ta buɗe mini na so in saya masa na lantarki, ya ƙi. Ya ce wuta ba ta da alkawari, ƙafarsa kuwa ba ta taɓa ce masa yau babu ba.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, har ya kashe masa ji a tafin ƙafa ba tare da ya lura ba. A wani sanyi irin na Jos, wanda ke sa mutum ya ƙi taɓa ruwa da safe, ya ajiye kaskon garwashi a ƙarƙashin keke yana ɗinki. Gefen ƙafarsa ya jingina da kaskon. Bai ji komai ba, sai da wani mai karɓar ɗinki ya ce yana jin ƙauri.

A unguwarmu in mutum ya ji ciwo kemis ake aikawa a sayo kafso mai ja da rawaya. A buɗe ɗaya a zazzaga garin a kan ciwon, a haɗiye biyu, in an ji sauƙi a ajiye sauran a kan taga don wata rana. Haka kowa ke yi, haka Yaya ya yi shekara da shekaru, ga mura, ga ciwon haƙori, ga gudawa. Haka ya yi wa ƙunar nan ma. Ta ƙi rufewa, ta zama gyambo, ta fara wari. Mai kemis ya canza masa wani maganin, ya sake canza wani, har aka koma allura. Da na ga yatsun sun fara canza launi ban tsaya neman ra'ayinsa ba, na sa shi a mota sai asibiti.

Likitan ba tsoho ba ne, amma ba ya gaggawar magana, kuma na ji daɗin haka. Ya ɗebi mugunya ya aika ɗakin gwaji, aka ɗauki hoton ƙashi. Da sakamako ya fito ya zaunar da mu, ni da Yaya.

"Baba, mun shuka ƙwayar cutar da ke ƙafarka, mun gwada mata magungunan da muke da su. Kusan duk ta saba da su. Sha kaɗan a bari, sha kaɗan a bari, shi ke koya mata. Saura guda mai ƙarfi, shi kuma ƙoda yake ci, taka kuwa suga ya riga ya taɓa ta. Zan iya ba ka kaɗan, ba zan iya ba ka abin da zai isa shi kaɗai ba."

Na gane maganar tun kafin ya ƙarasa. Ina da ɓeraye a sito da suke cin gubar da ta kashe kakanninsu su tashi su yi ƙiba.

Likitan ya ce yatsu biyun nan cutar ta shiga ƙashinsu, dole a cire. Sauran ƙafar kuma, hanya mafi tabbas ita ce a yanke daga ƙasan gwiwa tun abin bai shiga jini ba. Yaya kuwa kallon ƙafar kawai yake yi, yana ɗan motsa ta sama da ƙasa kamar tana kan keke.

A kasuwa in mutum ya faɗa mini farashi ba na gardama, tambaya ɗaya nake yi. Ita na yi wa likita.

"Likita, wannan shi ne na ƙarshe, ko akwai wani da ka ajiye a ƙasa?"

Ya dube ni. Sannan ya ce akwai, amma mutane ba sa son ji. Ya yi bayani cewa mataccen nama ne ya cika gyambon, a cikinsa ƙwayar ke ɓuya, kuma jini ba ya kai magani wurin da ya mutu. Wuƙa tana cirewa, amma ba ta iya rabe matacce da rayayye sosai, sai ta haɗa da mai kyau, ga shi Yaya ba shi da naman da za a yi asara. Akwai wani asibiti a Kano da ke kiwon wani irin koren ƙuda a ɗakin gwaji, a wanke ƙwansa da magani, a ƙyanƙyashe tsutsotsi masu tsabta. In aka zuba su a ciwo aka rufe, mataccen nama kawai suke narkarwa su sha, su bar mai rai, kuma ruwan bakinsu yana kashe ƙwayoyin cuta, har da masu taurin kai irin wannan.

"Tsutsa," in ji Yaya. "Ina da rai."

"Kana da rai, Baba, shi ya sa. Amma ban yi maka alkawari ba."

Ya zare biro daga aljihu, ya duƙa, ya ja layi ya kewaye ƙwaurin Yaya, sama kaɗan da inda ja da kumburi suka tsaya.

"Ga sharaɗina. In jan nan ya haura layin nan, ko zazzaɓi ya kama ka, magana ta ƙare, tiyata za mu shiga. Ba zan sayar da ranka don in sayi ƙafa ba."

Na ce na yarda da wannan ciniki, domin an faɗi iyakarsa tun farko.

Aka cire yatsun. Aka ɗora Yaya kan allurar suga da ɗan maganin nan mai ƙarfi. Kafin in tafi Kano ya riƙe hannuna a bakin gado.

"Auta, kada matata ta ji. Kada kowa ya ji."

Na san dalilinsa. A wurinmu in aka ce ciwon mutum ya yi tsutsa, ba a maganar ciwon, maganar masu jinya ake yi. Ma'anarsa an yar da shi, babu mai wanke masa, matarsa ta gaji da shi. Matar Yaya kuwa mace ce da ke wanke tsakar gida kafin rana ta fito, ko sanyi na yanka hannu. Na ce masa ita ke kwana da ƙafar nan, ita ke tashi da ita, ban ga yadda za a ɓoye mata abin da ke cikin bandeji ba. Ya ce shi ne babba. Na bi maganarsa, don shi ne babban.

Dama hanyar Kano hanyata ce, can majemu suke, can nake kai kaya. Na bi motar ƙiraga na tafi, na sauke kaya, na wuce asibitin da takardar likita. Suka ba ni kwalba ƙarama a cikin kula, suka ce kada ta yi zafi, kada kuma ƙanƙara ta taɓa ta, kuma kada in kwana a hanya. Na ɗaga kwalbar na duba. Ƙanana ne ƙwarai, ba su kai ƙwayar shinkafa ba, farare, suna motsi a kan ɗan ƙyalle.

Duk rayuwata da ƙuda nake faɗa. Gishirin da na zuba wa fatu don kada su yi tsutsa, in aka tara shi zai yi tudu. Ga ni yau a gidan gaba, na rungume 'ya'yan ƙuda a cinya, ina ce wa direba ya bi ramuka a hankali. A hanyar ne na tuna wani abu da na daɗe ina gani ban taɓa tsayawa a kansa ba. In mahauci ya yi fiɗa ya bar tsokar nama a jikin ƙirgi, wurin ne ke ruɓewa, wurin ne tsutsa ke taruwa. Inda aka kankare da kyau ba ta zuwa. Ashe ruɓa take bi, ni kuma duk shekarun nan ita nake ɗora wa laifin ruɓar.

Nas ɗin da ke wankin ciwo 'yar Jos ce, iyayenta daga kudu maso gabas suka zo tun tana goye, Hausarta irin ta cikin gari. Ta shafa wani man kariya a gefen gyambon, ta juye tsutsotsin, ta rufe da ƙyalle mai raga don su sha iska, ta naɗe da bandeji sakwa-sakwa.

"Baba, kar ka taka shi, kar ruwa ya taɓa shi, kar ka kai shi kusa da wuta. Ruwa zai fito mai wari, ba komai, aiki ne suna yi. Jibi ka dawo mu cire."

"In sun ƙoshi fa, 'yata? Ba za su juyo kaina ba?"

"Kai ba abincinsu ba ne, Baba. Kai ka yi tauri."

Yaya ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. A mota ya ce mini yana jin su, suna ɗan motsi kamar ana yi masa susa. Ya ce leburorin kuza ne, irin su Babanmu, suna haƙa su wanke ƙasa su bar mai kyau. Daga ranar nan, da wannan suna muke kiransu.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne dubiya. Tun da aka ji an cire wa tela yatsu gidan bai huta ba. Maƙwabta, 'yan masallaci, masu ɗinki, dangi daga Daɗin Kowa, kowa ya zo da lemo ko ayaba, kowa ya zauna, kowa ya ce a ɗan ɗaga zane ya gani, kowa kuma yana da maganin da ya warkar da wani. Ba a hana mai dubiya ganin ciwo. Washegarin sa tsutsotsin goggonmu ta zo, ƙanwar mahaifinmu, tsohuwa mai kaifin ido da kaifin baki. Bandejin ya jiƙe da ruwa mai duhu, ɗakin yana wari. Tana cikin addu'a sai ga ɗaya daga cikin leburorin, ya ƙoshi ya yi ƙiba, ya sulalo ta gefen bandeji ya faɗo kan tabarma.

Ba na nan, matar Yaya ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi tsutsar, ta dubi matar Yaya, a gaban mata uku na unguwa, ta ce, "Ashe haka jinyar take." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Yaya na barci a lokacin. Matarsa ta ɗora ruwa a wuta, ta zuba gishiri, ta kwance bandejin. Da ya farka ya fara cewa ta tsaya, ta riga ta ga abin da ke ciki, ba ta kuma jin komai. Ta wanke tas, tana kuka, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta watsa a murhu. Ta ɗauko ragowar kafso a kan taga ta zazzage a ciwon.

Da la'asar na shigo na same ta a tsakar gida idanu jajur. Tsakanina da ita wasa ne tun ranar da aka kawo ta, ni ƙanin miji, ita ba ta kirana sai Alhajin fatu, ni kuma in ce matarmu. Ranar babu wasa.

"Ka ga abin da asibitinku ya yi? Sun naɗe masa ƙafa da ƙazanta, ni aka zaga."

Na zauna a kan turmi na gaya mata komai: gwajin, da layin biro, da tafiyata Kano, da kular da na rungume. Ta saurara har na gama. Sannan ta tashi ta tsaya a ƙofar ɗakin.

"Malam, ni ka ɓoye wa?"

"Kunya na ji miki."

"To ga ta nan na sha, a gaban mutane. Da ka faɗa mini, da na san abin da zan ce."

Da safe muka koma asibiti, mu uku. Likita bai yi faɗa ba. Ya buɗe ya duba, ya ce ruwan zafin ya ƙona gefen da ya fara kyau. Jan ya hau, tsakaninsa da layin biro bai fi faɗin yatsa ba. Amma ya nuna mana wani lungu na gyambon inda leburorin suka fara aiki kafin a kore su. Wurin ya yi ja mai kyau, kamar naman da aka yanka yanzu. Ya ce tunda layi bai ƙetaru ba, kuma babu zazzaɓi, sharaɗi na nan. Sai dai wannan karon yana son wanda zai tsare bandejin ya ga yadda ake sa shi.

Na sake komawa Kano. Da na dawo nas ta miƙa wa matar Yaya kwalbar ta ce ta riƙe.

"Mama, duba shi da kyau. Wannan ba na bola ba ne, bai taɓa ganin datti ba. Na bola zai kawo wani cuta, shi ya sa ba a yi a gida. Wannan ya fi ni da ke wanka."

Matar Yaya ta ɗaga kwalbar wajen taga ta daɗe tana kallo. Ta tambayi me suke so, me ba sa so, ta yaya za ta san sun mutu, in ɗaya ya fito me za ta yi da shi. Ta tsaya a kan nas har aka gama naɗi. A hanyar gida ta juyo ta dube ni.

"Alhajin fatu, ashe ƙudajen da ke bin ka har gida dangi ne, ba mu sani ba."

"Matarmu, ai ke kika ƙona mini baƙi."

Daga nan tsarin gidan ya canza. Ta fitar da kasko daga ɗakin, ta ƙara wa Yaya bargo. Ta kwashe kafson kan taga ta ba ni ta ce in mayar wa nas. Kullum bayan sallar asuba, da gari ya waye, takan ɗaga zane ta duba layin, in ya fara gogewa ta sake bin sa da biro daidai inda likita ya ja. Masu dubiya kuma ta sa musu tabarma a tsakar gida, ta ce likita ya hana buɗe ƙafa. Wasu sun ji haushi. Da Goggo ta dawo, matar Yaya ba ta jira tambaya ba. Ta gaishe ta har ƙasa, ta kawo mata ruwa, sannan ta ce:

"Goggo, abin da kika gani rannan na likita ne. Magani ne. Daga Kano ƙanin mijina ya ɗauko su, a gidan gaba."

Goggo ta kurɓi ruwan, sannan ta ce:

"Yanzu har tsutsa sai an je Kano? Ta Jos me ta yi?"

"Ta Jos ba ta yi makaranta ba, Goggo," in ji Yaya daga ɗaki.

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Kafin ta tafi ta sa wa matar Yaya albarka a gaban matan da suka ji maganar farko, kuma ni na san da gangan ta jira suka taru.

Ba sau ɗaya aka sa ba. An cire, an huta, an sake sawa, na yi ta zirga-zirga har masu ba da kwalbar suka san ni. Duk buɗewa baƙin yana raguwa, warin yana sauka. Jan ya tsaya inda yake kwana da kwanaki, abin da ya fi komai cin rai ke nan, sannan wata safiya matar Yaya ta kira ni a waya ta ce in zo in gani da idona. Jan ya sauka, ya bar layin biro shi kaɗai a sama. Da aka sake gwaji likita ya ce ƙwayar ta ragu ƙwarai, ya tsayar da maganin nan mai cin ƙoda. Ya koma wanke ciwon da zuma, wadda asibiti ta tace ta gwada, ba ta bakin titi ba. Ya ce ita ma ƙwayar cuta ba ta iya sabawa da ita da sauƙi. Naman ya riƙa tasowa daga ƙasa a hankali, wata da watanni, har fata ta haɗe.

Na taɓa tambayar likitan ko kowa aka yi wa haka zai tsira da ƙafarsa. Ya ce a'a. Akwai wanda ya zo a makare, akwai wanda jini ba ya isa ƙafarsa ko kaɗan, waɗannan sai wuƙa. Yaya ya zo da sauran jini a ƙafa, kuma an samu mai tsaron layi. Ya ce abin da zai fi so shi ne mutane su daina shan kafso kamar gyaɗa, don magungunan su riƙa aiki ranar da ake neman su da gaske. Na faɗa wa abokan harkata a kwata. Wasu sun ji, wasu sun ce na zama likitan ƙudaje.

Ga yadda cinikin ya tashi. An rasa yatsu biyu da ɗan gefen tafi. An rasa ɗinkin sallah guda, wasu masu kawo ɗinki sun koma wani shago ba su dawo ba. Ƙodar Yaya ta ɗan ƙara rauni, allurar suga kuma ta zama ta kullum har ƙarshen rai, takalminsa na dama sai an yi masa na musamman, ni nake zaɓar fatar da kaina. Abin da ya rage a hannu: yatsu uku, da dunduniya, da idon sawu mai lanƙwasa, da ƙwauri har gwiwa babu tabon wuƙa. Keke kuwa da dunduniya da tafi ake taka shi. In na bi ta Gada Biyu da hantsi nakan ji ƙararsa tun kafin in kai shagon, ya ɗan rage sauri, kuma babu kasko a ƙarƙashinsa. A lissafina na dillali, an ci riba.